Manjagarar Laouali

Duk wanda ya taɓa zama a layinmu na Gubaira, a birnin Riyad, ya san Laouali, ko da bai san sunansa ba. Shi ne dogon nan mai ƙafafu kamar na zalɓe, wanda ke zuwa masallaci da takalmin roba na ban ruwa, ya ajiye shi a bakin ƙofa yana ɗigar da laka. Ɗakinsa manne yake da nawa, bangon da ya raba mu kuwa da kaɗan ya fi kwali kauri. In ya yi tari ina ji. In ya kira matarsa Sahadatou a waya ina ji, wani lokacin har in taya shi amsa mata ta bango.

Ni sunana Basiru, Bakano ne, ina ɗaukar kaya da 'yar a-kori-kurar nan da Larabawa ke kira dabbab. Shi kuwa Badamagare ne daga wajen Mirriya. To kun san tsakanin Bakano da Badamagare ba a gaisuwa sai da tsiya. Ni ina ce masa Sarkin Ciyawa, shi yana ce mini bakin reza. A haka muka shekara da shekaru, kwano ɗaya muke ci.

Laouali manomi ne tun daga kakanni. Damina ta yi ta yaudararsu a jere, gero ya fito ya tsaya iya gwiwa ya bushe, sai ya sayar wa ɗan baffansa gonar gado ya yanki biza. Ranar da ya sauka aka kai shi wani tsohon gida a unguwar Nasiriya, irin manyan gidajen da, mai fili a ciki wanda za a iya buga ƙwallo a kai. Kafilinsa, wato mutumin da ya kawo shi ƙasar kuma zamansa ke hannunsa, wani dattijo ne Abu Nayif. Ya nuna masa filin ya ce aikinsa ke nan, ya kula da ciyawa.

Laouali ya ce da ya ji haka sai da ya tambayi mai fassara sau biyu. Ya ce, "Bakano, tun ina yaye nake kashe ciyawa da fartanya. Yau ga ni an ɗauko ni a jirgin sama in ba ta ruwa."

Na ce, "Ai alhakinta ne ya biyo ka."

Abu Nayif yana son ciyawar nan kamar 'yar da ya haifa. Da sanyi a kanta ake shimfiɗa masa darduma ya sha gahawa. Ya sayi 'yar ƙaramar tarakta ta yankan ciyawa, wadda ake hawa kamar babur, da buhu a bayanta yana tara abin da aka yanka. Umarninsa ɗaya ne: in buhu ya cika, a juye a bola.

Nan ne zuciyar manomi ta ƙi. Laouali ya juye na ɗan lokaci, amma kullum in ya dawo sai ya yi ta ƙunƙuni. Wai ɗanyar ciyawa shar, wadda tunkiya za ta ci ta yi kitse, ita ake zubarwa tare da gwangwanaye. A garinsu ko karan gero ba a kwashewa duka daga gona, ana barinsa a kwance gara ta ci, dabbobi su tattake, ruwa ya ruɓar da shi ya koma taki. Sai wata rana ya kwance buhun nan ya cusa shi a bayan sito. Daga ranar, abin da tarakta ta yanka a nan yake kwana. Har bi yake da tsintsiya yana baje shi ya shige tsakanin ciyawar, don kada mai gida ya gani.

Shekarun farko kuwa ciyawa ta yi kyau, shi kuma ya cika mu da baki. "Larabawa suna da kuɗi, amma ƙasa mu muka san ta." Abin da bai lissafa ba shi ne a gidan Abu Nayif babu gara, don duk wata sai an yi feshin magani. Babu akuya, babu damina. Abin da ya zuba bai ruɓe ba, taruwa ya yi ta yi yana danƙarewa a ƙasa.

Bara da zafi ya fara shigowa, ciyawa ta fara ja. Ya ƙara ruwa, ruwan ya kwanta a sama ya gangare kwata. Ya ƙara takin zamani, ta ƙone fili-fili. Na lura ya daina cinye rabonsa na shinkafa, abin da ban taɓa gani ba a wajen Badamagare.

Wani yammaci ya shigo ɗakina bai cire takalmin ba, ya zauna a kan galan. Na ce, "Sarkin Ciyawa, talakawanka sun yi maka bore ne?"

Bai yi dariya ba. Ya ce Abu Nayif ya kira shi. Bayan Babbar Sallah za a yi bikin ɗansa Nayif, kuma a filin nan za a karɓi baƙi maza. Igamar Laouali, takardar zamansa a ƙasar, ita ma a daidai lokacin take ƙarewa. Dattijon ya ce in ciyawa ta yi kore zai sabunta masa, in ba ta yi ba, huruj. Huruj kuwa ita ce fitar da ba dawowa.

Ya ce, "Basiru, in na koma, ina zan koma? Gonar ma da zan tsuguna a ciki in yi kuka ba ni da ita. 'Yata Ikilima tana makarantar koyon jinya, tsohuwa tana kwance. Duk bakin nan ni suke kallo."

Tunda muke bai taɓa kirana Basiru ba sai ranar.

Washegari muka yanko ɓangaren ƙasar da ciyawarta a leda, na kai shi wurin masu sayar da shuke-shuke a hanyar Kharj. Wani Basudane mai furfura ya karɓa, ya tsaga da wuƙa ya nuna mana. Tsakanin koren sama da ƙasar akwai wani abu mai kauri kamar tsohuwar katifa, busasshe ƙamas. Ya zuba masa ruwa daga buta, ruwan ya mirgine ya zube.

Ya ce, "Wane ne yake barin yankakkiyar ciyawa a kai?"

Laouali ya dubi rufin rumfa ya ce, "Wani ne da ya yi aiki kafin ni."

Na ce, "Dogo ne, mai ƙafar zalɓe. Mun san shi."

Ya taka mini ƙafa da takalmin nan nasa. Basudanen ya ce ciyawar shaƙewa take yi, ba ruwa ba iska, sai an tsefe mataccen nan an fitar. Ya ce akwai kamfanonin da ke da injin yin haka, mai gida ya kira su. Ya kuma ce in an tsefe, filin zai yi muni ƙwarai kafin ya farfaɗo, sai an ba shi makonni.

A mota Laouali ya ce ba za a kira kowa ba. In kamfani ya zo, da injiniya zai zo, injiniya kuwa kallo ɗaya zai yi ya gaya wa Abu Nayif wanda ya yi ɓarnar. Gara ya tsefe da hannunsa. Sa'ar da ya samu ita ce dattijon ya kwashi iyalinsa sun tafi Ɗa'if gudun zafi, ba a sa ran su sai dab da Sallah. Gidan ya rage daga shi sai mai gadi.

Ya sayi manjagara ya fara. Wanda bai san zafin Riyad ba ba zai gane ba. Ƙarfe in ya sha rana ba ya taɓuwa, iska kuwa kamar an buɗe tanda. Ya wuni yana ja, tafin hannunsa ya yi bororo ya fashe, bayansa ya riƙe, da yamma na je ɗaukarsa na tarar wurin da ya gyara bai fi inda raƙumi zai kwanta ba. Ya tsaya yana kallon sauran filin, ya dafe ƙugu.

Na ce, "A haka sai dai ka gama a bikin jikan Nayif."

Ya ce, "Tarakta za ta ja."

Ya sayo manjagara uku ya ɗaure su da igiya a bayan tarakta. Da ya ba ta wuta sai suka hau tsalle kamar kwaɗi, ɗaya ta karye, ɗaya ta tashi ta doke shi a ƙeya. Na yi dariya har na zauna a ƙasa. Shi kuwa ya sauko, ya tsince guntayen, ya ce in kai shi wurin Yacouba.

Yacouba mai walda ne, mutumin Maraɗi, yana aiki a wani garejin ƙarfe a nan bayan layinmu. Ƙofofi da tagogi yake yi, bai taɓa ganin abin da ake nema ba, mu ma haka. Laouali ya tsuguna ya zana masa a ƙasa da kusa: ƙarfe mai kusurwa huɗu, haƙora a ƙasa layi-layi, da hannu mai rami a gaba da za a saƙala a ƙugiyar tarakta.

Yacouba ya duba ya ce, "Wannan ai gado ne aka kifa."

Na ce, "To me ya hana mu nemi gado?"

A kasuwar gwanjo na samo wani tsohon gadon ƙarfe, irin na asibiti. Ranar Juma'a bayan an sauko, lokacin da mai garejin ba ya nan, Yacouba ya yanke ƙafafun, ya yayyanka rodin gini tsawon yatsa biyu ya liƙa su a jere. Laouali yana tsaye a kansa yana ta cewa a ƙara wuta, a ƙara haƙori, har Yacouba ya ɗaga gilashin fuskarsa ya ce, "Malam Laouali, ko dai ka karɓi waldar, ko ka je ka sha shayi."

Muka loda a dabbab muka kai Nasiriya. Laouali ya yi bisimilla ya ja. Rodi ba ya lanƙwasa, saboda haka abin bai tsefe ba, huɗa ya shiga yi kamar garmar shanu. Ciyawa da saiwarta da ƙasa duk suka juyo sama. Kafin ya taka birki haƙori ɗaya ya kamo bututun ban ruwa da ke binne, ya fizgo shi, ruwa ya yi tsiri sama ya fi katanga tsawo. Mai gadi ya fito a guje yana salati da yarensu na Bangalanci. Laouali ya ruga ya kashe famfo, ya dawo ya durƙusa cikin laka yana mayar da ɓangarorin ciyawa da hannu, yana daddanna su kamar mai ɗinke rauni.

Gyaran bututun ya ci kwanaki. Watan Sallah kuma ya tsaya. Laouali ya rame har takalmin ya yi masa yawa. Ta bango nake jin Sahadatou tana tambayarsa ko lafiya muryarsa ta canza, yana ce mata mura ce. Mura a wannan zafin.

Yacouba ne ya gano inda matsalar take. Ya ce haƙorin da ba ya risinawa dole ya yi ɓarna, a nemo wanda in ya ci karo da abu mai ƙarfi zai lanƙwasa ya wuce. Sifirin ke nan. Sai na koma bin bola-bolan unguwannin masu kuɗi ina tsintar katifun da aka yar. Muka farke su a bayan gareji, muka zare sifirin, Yacouba ya miƙe bakin kowane ɗaya da filaya ya bar murɗin a sama, ya ɗaure su da noti a jikin gadon, layi huɗu, kowane layi ya kauce wa na gabansa. Ya sare rodin nan duka ya zubar. Hannuwanmu duk suka sha yanka.

Da muka gwada, sai abin ya yi ta shafar ciyawa yana wucewa, ba nauyi. Muka ɗora bulo biyu, suka zame a kwana ta farko. Muka ɗaure su da waya, suka farfashe. Laouali ya kashe tarakta, ya juyo ya ƙare mini kallo tun daga tumbi har ƙafa.

Ya ce, "Bakano, yau shinkafata da ka yi ta cinyewa za ta yi rana."

Na ce, "Ni? Ni da iyalina a Kurna?"

"Hau."

Na shimfiɗa kwali na hau, na riƙe ƙarfe da hannu biyu. Jama'a, in kun ga yadda Basiru ya koma bulo a ƙasar Larabawa! Ƙura ta turnuƙe, haƙorana suna ta karo da juna. Amma da na waiga sai na ga abin yana fitowa. Matacciyar ciyawa, busasshiya, launin toka, tana tasowa tuli-tuli a bayanmu, mai rai kuma tana nan a kafe. Na yi ihu na ce ya duba. Ya waigo, ya gani, ya ɗaga hannu ɗaya sama yana kabbara, saura ƙiris ya kai mu cikin bishiyar dabino.

Muka bi filin a tsaye, muka bi shi a kwance. Abin da muka fitar, dabbab ta yi sawu har na daina ƙirgawa. Da ya buɗe ruwa, ƙasa ta shanye nan take, har wani ƙamshi ta yi kamar na ruwan farko. Ranar Laouali ya cinye shinkafarsa, ya sa hannu a tawa.

Sai dai filin, in ka gan shi, kamar kan yaron da makero ya ci. Ƙasa a fili, ciyawa tsilli-tsilli, ga tabon inda rodi ya yi huɗa. Basudane ya riga ya faɗa, sai an ba shi makonni. Laouali ya ce lissafinsa ya nuna za ta rufe kafin biki, in dai dattijo bai dawo da wuri ba.

Ya dawo da wuri. Masu kafa rumfunan biki ne suka ce suna son su auna wuri, sai ya baro Ɗa'if shi da ango. Ina nan a gidan, na zo kwashe tulin ƙarshe, sai ga babbar mota ta shigo.

Abu Nayif ya fito da sandarsa. Ya tsaya a bakin filin ya ƙare masa kallo. Sannan ya nuna gadon asibitin nan mai haƙoran katifa ya ce, "Laouali, mene ne wannan?"

Laouali ya fara bayani da Larabcinsa na kasuwa, yana haɗawa da Hausa. Ya ɗebo mataccen ya nuna masa. Ya durƙusa ya buɗa ƙasa da yatsa, ya nuna wasu 'yan tsirrai kore da ba su fi ƙwayar shinkafa ba. Ya ce, "Baba, tana da rai. Wallahi tana da rai. Ka ba ni lokaci kaɗan."

Dattijon ya ce, "Ina buhun tarakta?"

Mai gadi, wanda ba a tambaye shi ba, ya je bayan sito ya jawo shi, duk ƙura da yanar gizo.

Da ya yi faɗa da ya fi sauƙi. Bai yi ba. Ya dubi buhun, ya dubi Laouali da ke durƙushe, ya juya ya shige gida. Ango kuwa tuni ya kara waya a kunne yana zagaya filin yana auna shi da taku.

Bayan kwana kaɗan wata babbar mota ta zo da naɗe-naɗen ciyawar roba, kore shar kamar an yi mata fenti. Aka ce Laouali ya kashe ruwa, ya fesa maganin kashe ciyawa, ya taya ma'aikatan baza yashi. Ya yi. A lokacin tsirran nan sun fara haɗa kai, daga nesa ma kana hango kore-kore. Shi da hannunsa ya bi su da feshi. Da ya dawo gida bai shiga ɗaki ba, a matattakala ya zauna har aka kira magariba.

An yi biki, an ce ya yi kyau. Bayan biki Abu Nayif ya kira shi, ya ba shi kwalin dabino da turare, ya ce ba ya riƙe da shi a zuciya. Amma roba ba ta shan ruwa, ba a yanka ta. Ya ce in ya sami wanda zai karɓi kafalarsa, ya zama sabon kafilinsa, kafin igama ta ƙare, zai sa hannu.

Mun nema. Na kai shi gonakin Kharj, na kai shi wurin masu gidajen hutu a bayan gari, Yacouba ya yi wa mai garejinsu magana. Duk inda muka je sai a dubi furfurarsa, a dubi yadda yake dafe baya in zai sauko daga mota, a ce za a kira. Wani ma cewa ya yi ya ɗaga buhun siminti ya gani. Laouali ya ɗaga, ya kai shi kafaɗa, ya ajiye, ya yi murmushi. Da muka koma mota sai da na kwantar masa da kujera. Ba wanda ya kira.

Ni na kai shi filin jirgin Sarki Khalid, akwatinsa da buhunan Ghana-must-go biyu a bayan dabbab. A hanya na yi ta ƙoƙari. Na ce Damagaram za ta yi baƙo, a share fada. Na ce in ya isa ya gaishe mini da gara. Ko sau ɗaya bai rama ba.

A bakin ƙofar shiga ya riƙe hannuna ya ce, "Bakin reza, akwai aikin da zan ba ka."

"Ba dai wani gadon zan hau ba?"

"Ban gaya wa Sahadatou ba."

Na ce, "Laouali, jirgi za ka hau fa yanzu."

"Na ɗauki waya ya fi a ƙirga, bakina ya ƙi. Kai naka ba ya ƙi. In na shige, ka kira ta."

Ya ja akwatinsa ya shiga layi, dogo a cikin mutane, ina hango kansa har ya wuce wurin bincike.

Na koma mota na zauna. Na kira lambar. Ta ɗauka da fara'a, ta ce, "A'a, Malam Basiru, yau ba ta bango ba? Ina abokin faɗan naka?"

Na ce yana hanya, gobe zai sauka Yamai.

"Hutu aka ba shi? Bai faɗa mini ba."

Na ce, "Ba hutu ba ne, Sahadatou. Da kayansa duka ya taho."

Ina jin kukan awaki a bayanta, da wata murya ta tsohuwa tana tambayar wane ne. Can ta ce, "Lafiyarsa ƙalau dai?"

Na ce bayansa ne kawai ke damunsa.

Ta ce, "To. Kayan da yawa? In san ko amalanke zan aika tasha ko babur ya isa."

Na ce ta aika amalanke.